Ƙoƙon jibi na roba mai marfi biyu: ya rage wahala, amma me ya bar wa baki da hannu?

Wanda duk ya ci Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da Kiristoci ke ci don tunawa da Yesu, a babbar majami'a ta ikilisiyoyin bishara daga shekarar 2020 zuwa yau, da wuya a ce bai riƙe wannan ƙoƙon ba. Ɗan kofin roba ne da bai kai tsawon babban yatsa ba, ruwan 'ya'yan inabi a ciki, 'yar gurasa fara kuma tana kwance a samansa ƙarƙashin siririyar leda. Tun shekarun 1990 ake sayar da shi a Amurka, amma annobar korona ce ta fito da shi sarari, lokacin da ikilisiyoyi suka rasa yadda za su raba gurasa ba tare da hannu ya taɓa hannu ba. Annoba ta wuce, kofin bai wuce ba. Kamfanoni da dama ne ke yin sa, yawanci a kwali mai ɗaukar 100 ko 250 ko 500, kuma ƙirarsu ta yi kusa da juna har ana iya auna su a ma'auni ɗaya.

Hukuncinmu a taƙaice shi ne kaya ne mai amfani, ya kamata kowace ikilisiya da koyarwarta ta yarda da shi ta ajiye ɗan kwali guda. Amma a mai da shi abin kowace ranar jibi, wannan asara ce da ba a ganin ta a littafin ma'aji.

Yadda aka ƙera shi

Iri biyu ne a kasuwa. Na farko, wanda ya fi yawa, marfinsa biyu ne a sama, ɗaya kan ɗaya. Na ƙasa takardar alminiyam ce da aka manna wa bakin kofin da zafi, ita ke tsare ruwan. Na sama leda ce garai-garai, an manna ta sama-sama, gurasar tana tsakaninsu. Iri na biyu an yi masa siffar ƙoƙon bagade mai ƙafa: ruwan yana sama, gurasar tana cikin gindin, kowanne da marfinsa, sai ka juya kofin ka ciro gurasa, ka sāke juyo shi ka sha. Ruwan da ke ciki bai wuce ƙaramin cokali ɗaya ba ko ya ɗara kaɗan, wato mililita biyar zuwa shida. Sukarin da ke ciki bai kai giram ɗaya ba, don haka mai ciwon sukari ba shi da abin fargaba. Gurasar garin alkama ce da ruwa, ba yisti, wasu kan ƙara ɗan mai.

Kafin a saya, a auna faranti. Farantin jibi da aka saba da shi rami 40 gare shi, an yi ramukan ne domin ƙananan kofunan gilas. Iri na farko yawanci yana zama daram a ciki. Mai ƙafar nan kuwa wani lokaci ya fi tsawo, sai ka ga faranti sun ƙi hawa kan juna, murfi ya ƙi rufuwa. Ba a gane wannan sai da safiyar Lahadi idan ba a gwada tun da wuri ba.

Sauƙin da yake kawowa na gaske ne, kada a raina shi. Ikilisiya mai masu cin jibi 500 tana bukatar faranti 13. A cika kofuna 500 ɗaya bayan ɗaya, a ɗauke su ba tare da sun zube ba, a dawo a wanke, a shanya, aikin sa'o'i ne ga dikinoni da matan da ke hidimar tebur. Da wannan kofin, mutum biyu sun isa su jera komai kafin a gama waƙar farko.

Wurin buɗewa ake samun matsala

Kusan duk ƙorafin da ake yi a kan wannan kofi daga kunnen marfin yake tasowa. Kunnen leda da na alminiyam suna kwance ne a wuri ɗaya, kuma zafin injin da ya manna su yakan sa su liƙe da juna. Mai cin jibi ya kama abin da yake zaton kunne ɗaya ne, ya ja, sai marfin ƙasa ya buɗe, ruwa ya bayyana, gurasa kuwa tana nan a maƙale tsakanin leda da alminiyam. Ga shi riƙe da buɗaɗɗen kofi a hannu ɗaya, yana kokawa da leda da farce, fasto kuma ya riga ya ce a ci.

Maganinsa ƙarami ne. A lanƙwasa kunnen ƙasa sau ɗaya, a murza gefensa da babban yatsa, ledar sama za ta ɗago da kanta. Ita kaɗai za a ja. A ciro gurasa, a ci. Sa'an nan a zo kan marfi na biyu, a nan ne kuma tufafi ke ɓaci. Jikin kofin ba shi da kauri, mutum kuwa idan marfi ya yi masa gardama matse kofin yake yi ba da saninsa ba. Iskar da ke saman ruwan sai ta matsu, da zarar mannin ya saki sai ruwa ya yi tsartuwa. A riƙe kofin ta ƙarƙashin leɓensa, inda robar ta fi ƙarfi, a juya kunnen ya kalli waje, a ja a hankali zuwa rabi kawai. Ba sai an cire marfin duka ba. Kofin da ya sha zafi a hanya ko aka hau da shi tudu daga ƙasar da ke kusa da teku ya fi saurin tsartuwa, saboda iskar cikinsa ta riga ta kumbura.

Idan ya zuba a farin yadi, a fara da ruwan sanyi zalla. Launin inabi yana sauyawa idan ya gamu da sabulu, sai tabon ya koma shuɗi-shuɗi ya kama zare. Sai an ɗauraye shi sosai tukuna a kawo sabulu.

Akwai waɗanda wannan dabara ba za ta yi musu amfani ba ko kaɗan: tsofaffi masu ciwon gaɓoɓi, masu rawar hannu, waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta bar su da hannu ɗaya, da masu raunin gani da ba sa iya bambance ledar da ba ta da launi. Su ne kuwa suka fi kowa ɗokin jibi. Iri mai ƙafa ya fi musu sauƙi domin kunnuwansa ba sa haɗuwa, amma mafi kyau shi ne a sa dikin ya tsaya kusa da su, ya buɗe, ya miƙa. Duk kamfanin da ya rina ledar sama ko ya tsawaita kunnenta ya fi takwarorinsa tunani, kuma wannan ne abu na farko da ya kamata mai saye ya duba a samfuri.

Ajiya

Wa'adinsa yawanci tsakanin wata shida ne da shekara guda daga ranar da aka yi shi, ba daga ranar da ya iso hannunka ba. A duba kwanan watan da ke jikin kwali kafin a karɓa. Ba ya bukatar firji. Hasali ma firji yana cutar da shi: idan aka fito da shi cikin ɗumi, raɓa takan taru a ƙarƙashin leda, gurasa ta yi laushi ta manne. Injin ƙanƙara ya fi muni, domin ruwa idan ya daskare faɗaɗa yake yi, ya ɓalle manni. Wuri mai sanyi-sanyi, busasshe, nesa da rana, shi ke nan. Ɗakin ajiya mai rufin kwano da bayan mota su ne manyan abokan gābansa.

Alamomin lalacewa a bayyane suke ga mai dubawa. Marfin da ya kumbura kamar ana hura shi daga ciki, yisti ne ya samu shiga, ruwan ya fara tsima yana fitar da iska, a zubar. Ruwan da ya tashi daga ja mai duhu ya koma ruwan ƙasa, zafi da iska ne suka cinye launinsa, ɗanɗanonsa ma ya tafi. Wanda ya ragu ya yi kauri, tururi ne ya sulale ta jikin roba a hankali, domin roba ba gilas ba ce. Kofi ɗaya da ya fashe a kwali kuma yana iya jawo kiyashi da fumfuna ga maƙwabtansa. Duk kwalin da aka buɗe, a ɗauki 'yan kaɗan daga kusurwoyi da tsakiya, a buɗe, a sansana, a ɗanɗana, ana saura kwana biyu ko uku, ba da safiyar ranar ba.

Abin da harshe yake ji

A nan ne kofin ya fi rauni. Gurasar ba ta da ɗanɗanon komai idan sabuwa ce, idan kuma ta daɗe takan ɗauki ɗan warin roba. Ba a tauna ta, narkewa take yi a ganɗa. Ba ta da ƙamshin alkama, ba ta da na wuta. Gurasa marar yisti da aka toya a kan ƙarfe mai zafi tana da tabon ƙuna, tana da ƙarfi a haƙori, tana ƙara idan an karya ta. Ita ce irin wadda Littafin Fitowa sura 12 ya umarci Isra'ilawa su ci a daren da suka bar Masar, gurasar gaggawa, ta mutanen da ba su da lokacin jiran ƙullu ya tashi. Bisharar Matiyu da Markus da Luka duk sun nuna jibin ƙarshe na Yesu da almajiransa a matsayin cin Idin Ƙetarewa. Mai tauna irin wannan gurasa yana ɗanɗana tarihin da bakinsa. Mai haɗiyar ta cikin leda sai dai a ba shi labari.

Ruwan kuma yana da nasa tarihin, sai dai ba wanda mutane suke zato ba. Zaƙin nan mai ƙamshi mai ƙarfi da aka saba ji a yawancin waɗannan kofuna na inabin Concord ne, wanda wani manomi, Ephraim Bull, ya fitar a jihar Massachusetts a 1849. Jinsin inabin Amurka ne, daban da wanda ake nomawa a Galili da Yahudiya. Bayan shekara ashirin, a 1869, Thomas Welch, likitan haƙori ɗan ikilisiyar Metodis a garin Vineland na jihar New Jersey, ya bi hanyar Louis Pasteur ta ɗumama ruwa don kashe yisti, ya samu ruwan inabin da ba ya zama barasa. Kafin wannan, ruwan inabi marar barasa ba ya kwana da yawa, domin yistin da ke jikin fatar 'ya'yan yakan fara aiki cikin 'yan kwanaki. Ke nan abin da ke cikin kofin roba ɗanɗanon yaƙi da shan barasa ne na Amurka a ƙarni na 19. Wannan ba aibi ba ne. Ikilisiyar da take da masu fama da jarabar giya a cikinta tana da hujja mai ƙarfi ta zaɓar sa, kuma miliyoyin masu bi ba su taɓa sanin wani ɗanɗanon jibi ba sai shi. Amma kada a ce shi ne na asali. Justin Shahidi, marubucin Kirista na ƙarni na 2, da yake bayyana sujadar Kirista a Roma wajen shekara ta 155, ya ce gurasa ake kawowa da ƙoƙon ruwan inabin da ya tsima, gauraye da ruwa, kamar yadda mutanen zamanin suke sha. Har yau firist na Katolika yana ɗiga ruwa kaɗan a ƙoƙo. A ikilisiyoyin Otodoks na al'adar Bizantiya kuwa ruwan zafi ake zubawa dab da rabawa, don mai karɓa ya ji ɗumi a bakinsa, alamar jikin da yake da rai. Gurasarsu mai yisti ce, an buga mata hatimi, ana sa ta cikin ƙoƙon a ba mutum da cokali. Batun yisti ɗin nan ma ba ƙarami ba ne, yana cikin abubuwan da ikilisiyoyin Gabas da na Yamma suka yi ta jayayya a kai lokacin rabuwarsu a 1054.

Hannu, da abin da ya ɓace

Labarin jibin ƙarshe ayyuka huɗu ne a jere: Yesu ya ɗauki gurasa, ya yi godiya, ya gutsuttsura, ya ba su. Kofin roba ya bar na biyu yadda yake, ya rage na farko, ya share na uku da na huɗu. Ba abin da ake gutsurawa, domin injin masana'anta ya riga ya yanka. Ba mai ba ka, domin kai ka ɗauka daga kwando a bakin ƙofa, wataƙila ma ya yi awa guda a aljihunka yana ɗumama. Manzo Bulus a 1 Korintiyawa sura 10 ya kafa hujjarsa a kan abin da ido yake gani: gurasa ɗaya ce, saboda haka mu da muke da yawa jiki ɗaya ne. Almajirai biyu na hanyar Imuwasu, a Luka sura 24, sun yi tafiya mai nisa da Yesu suna jin muryarsa ba su gane shi ba, sai da hannunsa ya gutsura gurasa. Fasto yana iya yin wa'azi mai kyau a kan waɗannan ayoyi yana riƙe da kofin roba, amma abin da ke hannun jama'a yana faɗin akasin abin da bakinsa ke faɗa.

Kiristocin farko sun ɗauki hannu da muhimmanci ƙwarai. A cikin koyarwar da ake danganta wa Cyril, bishop na Urushalima a ƙarni na 4, an ce wa sababbin masu baftisma su mai da hannun hagu kursiyi ga na dama, su lanƙwasa tafi, su karɓa, su kula kada ko ɓarɓashi ya faɗi. Bayan sun sha, tun leɓe yana da danshi, su taɓa shi da yatsa su shafa a ido da goshi. Mutum na iya ƙin yarda da tauhidin da ke bayan wannan, amma ba zai musanta cewa waɗannan mutane da jikinsu duka suke sujada ba.

Shi kansa ƙoƙon an zubar da jini a kansa. A tsakiyar zamanai a Turai, sannu a hankali aka daina ba jama'a ruwan inabi, firist kaɗai ke sha, ɗaya daga cikin dalilan kuwa tsoron zubewa ne. Majalisar Konstans ta tabbatar da hakan a 1415, shekarar da ta yanke wa Jan Hus, mai wa'azi ɗan Bohemiya, hukuncin da ya sa aka ƙone shi. Mabiyansa a ƙasar Bohemiya da ke neman a mayar wa jama'a ƙoƙon suka zana shi a tutarsu suka yi yaƙi na shekaru. Wanda ya ga ƙoƙon Ardagh na ƙarni na 8 a gidan tarihi na Dublin, azurfa mai faɗin baki da hannuwa biyu, ya san an yi shi ne don a ɗaga da hannu biyu a miƙa wa mutane da yawa. Nauyin ƙarfe, sanyinsa a leɓe, fuskar wanda ya miƙo maka, maganar da ya faɗa maka kai kaɗai, duk suna cikin abin da aka yi gwagwarmaya a kai.

Sai dai a yi wa kofin roba adalci, ba shi ya fara raba ƙoƙo ba. Cin jibi a zaune ya samo asali tun 1525, lokacin da Zwingli, jagoran masu gyaran ikilisiya a birnin Zurich, ya sa aka zaga wa jama'a da gurasa da ruwan inabi a akusa da kofunan katako, kowa na wurin zamansa. Ƙananan kofuna na kowa-da-nasa kuma sun shigo ne a Amurka a shekarun 1890, sa'ad da ilimin ƙwayoyin cuta ya yaɗu, mutane suka tsorata da tarin fuka. An yi musu irin surutun da ake yi wa na roba yanzu. Ikilisiyar da ta shekara ɗari tana amfani da ƙananan kofunan gilas, abin da ta rasa da ta koma na roba bai kai abin da mai ƙoƙo ɗaya zai rasa ba. Duk da haka ta rasa wani abu: da, faranti yana bi hannu-hannu, kowa ya riƙe wa maƙwabcinsa ya ɗauka. Wannan 'yar hidima ita ce abin da ya saura na bayarwa.

Game da tsafta, wadda ita ce babbar hujjar masu sayarwa, gaskiyar ta fi talla sanyi. A 1998 masana daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, sun rubuta cewa haɗarin kamuwa da cuta ta ƙoƙo ɗaya ƙanƙani ne ƙwarai, tare da shawarar mai mura ko gyambon baki ya haƙura. Hanyar da ta fi jawo ƙazanta ita ce kowa ya tsoma gurasarsa da kansa, domin yatsu kan taɓa ruwan. A lokacin annoba, ko a ɗakin marasa lafiya masu raunin garkuwar jiki, kofin da ke rufe ya fi kowace hanya. A ranar Lahadi ta yau da kullum, bambancinsa da tsabtataccen kofin gilas kaɗan ne.

Kunne ma yana da ƙorafi. Jibi yana da sautukansa: kwararar ruwan inabi daga tulu zuwa ƙoƙo, ƙarar gurasa a hannun mai hidima, 'yar ƙararrawar da Katolika suke kaɗawa tun ƙarni na 13, takun mutane zuwa gaba. Kofin roba sautinsa ɗaya ne, ƙaras-ƙaras na ɗaruruwan ledoji a lokaci guda, daidai lokacin da ake son shiru, sa'an nan tsakin wanda nasa ya ƙi buɗuwa. Hanci kuwa ba ya samun komai sai an kai kofin baki.

Wa zai saya, wa ba zai saya ba

Ga Katolika maganar a rufe take. Dokar ikilisiya mai lamba 924 ta ce gurasa ta zama ta alkama zalla wadda ba ta daɗe ba, ruwan inabi kuma wanda ya tsima, na ainihi daga 'ya'yan kurangar inabi. Umarnin Vatican na 2004 ya hana amfani da kwanukan da ba su da daraja ko masu saurin fashewa. Otodoks ma ba za su taɓa shi ba. Dokar Cocin Ingila tana bukatar ruwan inabin da ya tsima, kuma ko a 2020 bishop-bishop ɗinta ba su amince da ƙananan kofuna ba, sun gwammace a ba jama'a gurasa kaɗai. Anglikan da Lutheran na wasu ƙasashe sun bambanta, a tambayi bishop kafin a kashe kuɗi. Kasuwarsa ta gaskiya ita ce Baptis, Fentikos, da sauran ikilisiyoyin bishara da suke ɗaukar jibi a matsayin tunawa.

Ko a cikinsu, a zauna a yanke shawara a kan ragowa. Kowane kofi yana barin ɗigo ɗaya ko biyu a gindi. Idan koyarwarku ta ce abin da aka yi addu'a a kansa ya keɓu, ba daidai ba ne a watsa kofuna ɗari biyar masu ɗigo a kwandon shara tare da takardun alewa. Tsohuwar hanya ita ce a ɗauraye, a zuba ruwan ɗaurayar a ƙasa mai tsabta. Yin haka ga ɗaruruwan kofuna ya cinye sauƙin da aka saya. Sai kuma waɗanda ba a buɗe ba amma suna kan tebur lokacin addu'a: za su koma kwali ne, ko sai an cinye su? Mafita ita ce a ƙidaya, a ɗora abin da ake bukata kawai, sauran su tsaya a waje. Robar kanta, da yake ƙanana ce kuma haɗe da alminiyam, masu sāke sarrafa shara ba su cika karɓarta ba.

Masu cutar da ba ta jure sinadarin gulutin na alkama su nemi kwalin da aka rubuta babu shi a ciki, a ware masa faranti dabam mai alama. Wannan wuri ne da rufaffen kofi ya yi zarra, domin ɓarɓashin gurasar wasu ba ya kai gare shi.

Inda ya fi dacewa shi ne inda tebur ba ya iya zuwa: gadon asibiti, gidan tsoho da ba ya fita, kurkukun da ba a shiga da gilas ko barasa, sansanin soja, taron dubban mutane a fili. Kai jibi ga wanda bai samu zuwa ba tsohon aiki ne, Justin ɗin nan ya ce dikinoni ne suke yi tun zamaninsa. Ko da yake, abin lura, ɗan sama jannatin Amurka Buzz Aldrin da ya ci jibi a duniyar wata a Yulin 1969, gurasarsa da ruwan inabinsa a ƙunshe suke, amma sai da ya tafi da ɗan ƙaramin ƙoƙon da ikilisiyarsa ta Presbiteriyan ta ba shi, ya tsiyaya a ciki kafin ya sha. Mai ziyarar asibiti zai iya koyi da shi: ya buɗe kofin da kansa, ya shimfiɗa ɗan farin ƙyalle, ya sa gurasar a tafin majinyaci, ya kira sunansa.

Idan kuma dole ce ta sa a yi amfani da shi a babban taro, akwai gyaran da ba ya cin ko sisi. Kada a raba a bakin ƙofa, a bari sai lokacin jibi, mutane su taso ko a zaga musu, hannu ya miƙa wa hannu. A ajiye gurasa ta gaske guda ɗaya da ƙoƙo ɗaya a kan tebur, mai hidima ya ɗaga, ya karya inda kowa zai gani ya kuma ji, ya tsiyaya ruwan daga sama. A nuna yadda ake buɗe marfin tun a lokacin sanarwa, ba a tsakiyar addu'a ba. A ce kowa ya ɓare ledar sama tare yayin da ake waƙa, ƙarar ta nutse a ciki, a jira har na ƙarshe ya gama, sa'an nan a karanta kalmomin jibi. A tanadi kwanduna a ƙarshen kowane layi, domin kofin da aka bari a ƙarƙashin benci sai an taka shi.

Wajen saye, a ɗauki ƙaramin kwali ko da babban ya fi araha a lissafin kowane kofi. Ikilisiya mai mutum 80 da take cin jibi sau ɗaya a wata za ta yi fiye da wata shida kafin ta ga ƙarshen kwalin 500, wa'adinsa kuwa ya riga ya fara tafiya tun yana masana'anta. Wadda za ta ajiye shi don ziyarar marasa lafiya kawai, kwalin 100 ma ya yi mata yawa, gara ta haɗa kai da wata ikilisiya su raba.